Masu Ɗaura wa Furen Wake Aure

Duk wanda ya taɓa noman wake a Dingaya, ko a ƙauyukan da ke tsakanin Gwaram da Birnin Kudu, ya san faɗuwar gaban da ke zuwa ranar da aka leƙa gindin wake aka ga wuta-wuta ta ɓullo. Kafin ido ya gan ta, ta riga ta gama ɓarna a ƙarƙashin ƙasa: ta maƙale wa saiwa tana tsotse ruwa da abinci, ganye ya yi rawaya, waken ya tsuke. Irinta kamar ƙura yake, yana iya kwanciya shekaru a gona yana jiran saiwar da zai kama. Cirewa da hannu ba ta kawar da ita.

Yau akwai irin waken da wuta-wuta ke buga kai a saiwarsa ta koma. Aikin hannun wasu mutane ne, masu kiwata iri, kuma sana'arsu na cikin abubuwan da na fi girmamawa a harkar noma.

Wake yana da wata ɗabi'a: kowane fure namiji ne kuma mace ne, kuma yakan yi wa kansa barbara tun bai buɗe ba. Shi ya sa Kanannado ke haifar Kanannado, Ɗan'ila ke haifar Ɗan'ila, shekara da shekaru. Wanda ke son haɗa iri biyu dole ya riga furen. Na taɓa tsugunawa kusa da wani ma'aikacin gonar gwaji bayan la'asar ina kallonsa. Ya duba ya zaɓi toho ɗaya wanda gobe zai buɗe, ya riƙe shi tsakanin babban yatsa da manuni, ya tsaga fatarsa da ɗan siririn hantsaki. A ciki akwai zaruruwan namiji guda 10, kowanne da ɗan kai mai ɗauke da gari. Ya zare su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa a hankali, bai taɓa zaren macen da ke tsakiya ba. Ko ɗaya ya manta, aikin ya lalace.

Na ce, "Malam, me zai hana ka bari gari ya waye ka fi gani da kyau?"

Ya ce, "Ɗan'uwa, in gari ya waye ai an riga an ɗaura."

Da sassafe ya dawo da buɗaɗɗen fure daga ɗaya irin, ya goga garinsa a kan macen, ya ɗaura 'yar takarda da zare mai sunan uwa da uba da kwanan wata. Da yawa daga irin waɗannan furanni kaɗewa suke yi, musamman in zafi ya tsananta. Wanda ya tsaya ya yi kwanso, to shi ne dukiya, ko da ƙwaya huɗu ce a ciki.

Daga nan haƙuri ke karɓar aiki. 'Ya'yan farko duk kama ɗaya suke yi. Jikoki ne ke rarrabuwa: wannan fari, wancan ja, wani mai yaɗo, wani a tsaye, wani ya gaji ƙarfin uba, wani raunin uwa. Mai kiwata iri zai shuka ɗaruruwa a ƙasar da aka cakuɗa da irin wuta-wuta da gangan, ya tumɓuke, ya wanke saiwa ya duba ko ta kama. Zai ajiye kaɗan ya watsar da saura, ya sake shukawa, zuriya biyar ko shida, har halin ya zauna. Don rage tsawon jira ake yin wata shukar da rani a wuraren ban ruwa irin Kadawa. Duk da haka, daga ɗaura aure zuwa ranar da iri zai sami suna ya isa hannun manomi, shekara 8 zuwa 10 ba abin mamaki ba ne.

Maganin wuta-wutar kuwa daga nesa ya zo. Wani wake ne na gargajiya daga Botswana, mai lamba B301, aka gano saiwarsa ba ta karɓar ta. Sai dai ƙwayarsa ƙarama ce, babu mai ƙosai da za ta kalle shi sau biyu. Masana a reshen Kano na cibiyar binciken noma ta IITA, ƙarƙashin jagorancin Dakta B. B. Singh, suka yi ta aurar da shi da irin da mutanenmu ke so, suna gwadawa a gonarsu ta Minjibir. Daga wannan dangi aka sami IT97K-499-35, wanda aka saki a Nijeriya a 2008 da sunan SAMPEA 10, daga jerin sunayen da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi. Fari ne, yana nuna cikin ƙasa da wata uku.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda gwanin ke riƙe buƙatun mutane da yawa a kansa lokaci guda. Manomi na son harawa don tumakinsa su kai bazara, shi ya sa bai yarda ya rabu da Kanannado ba, ko da yake shi ba ya fure sai rana ta fara gajarta a ƙarshen damina, kuma in ruwa ya ɗauke da wuri an yi asara. Mai alale da mai ƙosai na son ƙwaya babba mai saurin sakin ɓawo. Ɗan kasuwar Dawanau na duban launi da girma. Waken da za a shuka a ƙarƙashin gero ko dawa kuma sai ya iya jure inuwa. Iri na iya cika buhu a gonar gwaji, amma in Inna ta jiƙa shi ya ƙi surfuwa, ya faɗi jarrabawa. Don haka ake kai gwaji gonakin manoma, a bar su su zaga su nuna layin da ya kwanta musu. Idon da suke zaɓe da shi kuwa tsoho ne, shi ne wanda kakanninmu suka ware iri da shi a bakin rumbu.

Akwai inda hantsaki ya gaza. Tsutsar da ke huda fure da kwanso, an bincika dubban nau'o'in wake da ke ajiye a taskar IITA ta Ibadan ba a sami mai ƙarfin kare kansa daga gare ta ba. Sai aka bi wata hanya, aka ɗauko ƙwayar hali daga wata halittar da ke cikin ƙasa aka sa wa wake. Farfesa Mohammad Ishiyaku na Samaru ya jagoranci aikin a Nijeriya, aka saki SAMPEA 20-T a Disambar 2019, wanda ke rage feshin magani zuwa sau biyu. Ana muhawara a kansa, kuma ya kamata a yi ta da ilimi.

A Jami'ar Bayero ta Kano, Cibiyar Nazarin Noma a Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa, wadda aka kafa a 2012, tana horar da matasa daga ƙasashen Afirka daban-daban. Suna koyon gane halin iri daga ɗan guntun ganye a ɗakin gwaji, tun shukar ba ta kai sati uku ba. Bayan la'asar kuma sai su ɗauki hantsaki su nufi layin wake, su tsuguna su fara ƙirga zaruruwan nan 10.