Kafin São Tomé, a Duba Masu Nutso na Bagudo

Wani sabon yayi ya shigo tsakanin matasanmu masu hali. Ana samun hutu sai a nufi Zanzibar ko Maldives, a goya tulun iska a baya, a rufe fuska da tabarau, a nutse ƙarƙashin teku a ɗauko hoto tare da kifaye masu launi. Waɗanda suka fi zurfin bincike kuma sun fara maganar São Tomé, tsibirin da aman wuta ya haifar a mashigin tekun Gini, a jere ɗaya da Bioko da Dutsen Kamaru. Ban ga laifin wannan sha'awa ba. Ganin halittun Allah a ƙasan ruwa abu ne mai ƙara imani, kuma wanda ya tara kuɗinsa ta halal yana da ikon kashe su a kan abin da ya faranta masa rai.

Amma ni ɗan bakin kogi ne, kuma duk lokacin da irin waɗannan hotuna suka gifta a wayata, mutanen Bagudo nake tunawa. Kogin Neja yana shigowa Najeriya ta wannan kusurwa ta Kabi, inda muka haɗa iyaka da Jamhuriyar Benin da Nijar, ya biyo ta Lolo da Illo, ya ratsa ƙarƙashin gadar Tuga, ya miƙe zuwa Yawuri da tafkin Kainji. A duk tsawon wannan gaɓa akwai mazajen da nutso ya zame musu gado. Sarkawa ne da sauran masunta, har da 'yan'uwansu Dandawa na tsallake wajen Malanville. Yaro yana tasowa ya iya iyo kafin ya iya noma. Idan taru ya sarƙe a jikin kututture, shi zai ja numfashi ya bi igiya ya kwance. Idan injin jirgi ya suɓuce ya faɗa ruwa, shi za a kira. Idan kuma aka yi rashi, Allah Ya kiyaye, shi ne zai shiga ya lalubo gawa da hannu, cikin ruwan da ko tafin hannunka ba ka gani, domin a samu a yi wa mamaci sutura.

Duniya ta san da wannan gwaninta, amma a matsayin abin kallo. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, akwai wasannin kabanci, inda ake tseren kwalekwale da kamun agwagwar ruwa da gasar wanda zai fi jimawa a ƙasan ruwa. Ana tafi, ana ba da kyauta, baƙi su watse. Sauran watannin shekara kuwa, mai nutson nan yana aiki da huhunsa kaɗai.

A watan Mayu na 2021 wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja ya tarwatse kusa da Warra, a ƙaramar hukumar Ngaski, mutane sama da ɗari suka ɓace a ruwa. Waɗanda suka kwana suna neman gawarwaki yawancinsu masuntan yankin ne. Numfashin ɗan Adam, komai horonsa, mintuna kaɗan ne. Tulun iska guda yana iya riƙe mutum a ƙasa fiye da rabin awa idan zurfin bai yi yawa ba. Wannan na'ura ba sabuwa ba ce: tun 1943 Bafaranshen nan Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan suka ƙera ta. Fiye da shekara tamanin ke nan, ta kai ga ɗan yawon buɗe ido, ba ta kai ga mutumin da ya fi kowa bukatarta a ƙasarmu ba. Abin da ke ci mini rai ke nan.

Kada wani ya ɗauka maganar ita ce a sayo kaya a raba. Yin haka kisa ne. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, nauyin da ke danne jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Wanda ya shaƙi iskar tulu a can ƙasa, ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta kumbura a ƙirjinsa har ta iya yaga huhu. To riƙe numfashi kuwa shi ne ginshiƙin nutson gargajiya, shi ne abin da Basarke ya koya tun yana ɗan shekara bakwai. Dole a sake masa tarbiyya a kan wannan. Haka nan wanda ya jima a zurfi ya taso da gaggawa, iskar da ta narke a jininsa za ta yi kumfa, ta kama gaɓoɓi, wani lokaci ta shanye jiki. Shi ya sa takardar shaidar matakin farko ba ta yarje wa mai koyo ya wuce mita 18 ba, shi ya sa kuma ake hana shiga jirgin sama sai an yi kusan yini da kwana bayan nutso. Masu shirin tafiya tsibiri su riƙe wannan, musamman masu son su nutsa da safe su kamo jirgin dawowa da yamma.

Kogi kuma ba teku ba ne. A São Tomé mai nutso yana hango baƙaƙen duwatsu daga nesa. A Neja da damina ruwa jawur yake da laka, igiyarsa na ja, ga ƙaya da tsofaffin raga a ƙasa, ga dorina a wasu gurabe. Sai wajen hunturu, lokacin da ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya ratso Mali ya iso mana bayan ya sauke lakarsa, kogin ke ɗan washewa. Malamin da ya koyi sana'arsa a ruwa garai-garai ba zai iya wannan shi kaɗai ba. Sai ya zauna da Sarkin Ruwa, wanda ya san inda gurbi yake da inda ruwa ke juyawa. Ilimi biyu ne, kowanne na bukatar ɗan'uwansa.

Wurin da za a haɗa su ma akwai shi. A Sabuwar Busa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da kwalejin tarayya ta koyon fasahar kifi, hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida kuma tana da ofishi a Yawuri. Abin da nake kira gare shi ƙarami ne: a zaɓo matasa daga Lolo da Illo da Tuga da sauran mashigai, a horar da su har su samu shaida, a ajiye kaya da injin cika tulu a hannun wanda al'umma ta amince da shi, a riƙa biyansu. Tun da kogin bai san iyaka ba, kuma jiragen kasuwa kullum suna kai da kawowa tsakaninmu da Benin, ya kamata horon ya haɗa da matasan tsallake. Rigar ruwa da hana lodin da ya wuce kima su ne gaba da komai, domin su ke hana mutuwar tun farko, amma ba su ɗauke bukatar mai nutso ba.

Matasan da suka je suka koyo a waje, su ne suka fi dacewa su fara. Sun san farashin kayan, sun san malamai, wasu ma 'ya'yan masu faɗa a ji ne a Birnin Kabi da Abuja. Kuɗin tafiyar mutum ɗaya zuwa tsibiri ya isa ya sayi tulu da na'urar numfashi, ya kuma biya wa wani yaron Illo kuɗin makaranta.