Kwana 120 sai ɗakin kwamfuta ya mutu: lasisin da ba a gaya wa mai saye

Idan ka taɓa shiga wani ɗakin koyon kwamfuta ka ga allo ashirin a jere, kowanne da ɗan akwati kamar sabulu a bayansa, babu manyan kwamfutoci a ƙarƙashin tebur, to ka ga tsarin da nake son mu yi magana a kai. Kwamfuta ɗaya ce mai ƙarfi, wadda masu sana'ar ke kira saba, take yin duk aikin. Allunan nan leƙe kawai suke yi cikinta, kowane ɗalibi da nasa zaman.

Dabara ce mai kyau, musamman a wajenmu. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, don haka yaro daga Kusada ko ƙauyukan Kankiya da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba ya shiga ɗakin jarrabawa da rauni tun kafin ya ga tambaya. Ga kuma wuta: ɗan akwatin nan ba ya shan lantarki kamar cikakkiyar kwamfuta, don haka sola ko ƙaramin janareta zai iya riƙe ɗakin idan wutar KEDCO ta ɗauke.

Wani ɗan'uwana da ke da ɗakin koyarwa irin wannan a yankinmu ya kira ni wata safiya, wai duk allunan sun ƙi shiga. Saba tana aiki, waya ba ta yanke ba, komai lafiya. Da na duba sai na ga ba abin da ya lalace. Wa'adi ne ya cika. Wanda ya haɗa masa ɗakin ya karɓi kuɗinsa wata huɗu da suka wuce, bai taɓa ambata masa kalmar lasisi ba.

Bari in warware maka yadda abin yake.

Windows Server tana barin mutum biyu su shiga ta nesa a lokaci guda ba tare da ƙarin kuɗi ba, amma da sharaɗi: don kula da sabar kawai, wato gyara, sabuntawa, ƙirƙirar asusu da makamantansu. Idan masu kula uku ne, na ukun sai ya jira ko ya fitar da ɗaya. Idan kuma ka bai wa akawu ɗaya daga cikin gurabun nan biyu ya riƙa aikin lissafinsa na yau da kullum, ka saɓa yarjejeniya, ko da na'ura ba ta hana ka ba.

Kana son fiye da biyu? Sai ka kunna sashen da ake kira Remote Desktop Services, wanda kafin Windows Server 2008 R2 sunansa Terminal Services. Daga nan duk mai shiga yana buƙatar lasisin da ake kira RDS CAL. Kuma ba a nan gizo ke saƙa ba, domin wannan ƙari ne a kan wasu biyu: lasisin ita kanta sabar, wanda tun Windows Server 2016 ake lissafa shi da yawan ƙwayoyin aiki na cikin na'urar, aƙalla 16, sai kuma lasisin shiga na gama-gari, Windows Server CAL. Hawa uku ke nan. Idan za a yi amfani da Word da Excel a ciki, su ma da nasu sharaɗin, domin kwafin gida ba ya halatta a irin wannan saba.

RDS CAL iri biyu ne: na kan mutum da na kan na'ura. A ɗauka kana da allo 20, ɗalibai 60 suna zuwa safe, rana da yamma. Na kan na'ura 20 za ka saya, na kan mutum kuwa 60. Wanda bai sani ba sai ya biya ninki uku. Sannan lasisin Windows Server 2019 ba ya buɗe ta 2022. Ka sabunta saba, ka sake saye.

To ina wa'adin ya shigo? Ranar da aka kunna sashen, Microsoft na ba da kwana 120 na sassauci, kowa ya shiga ba a tambayar lasisi. Ranar da suka cika, ƙofa ta rufe, sai mai kula kaɗai.

Nan sukata ta farko take. A ofishin da ke da ma'aikacin kwamfuta na dindindin, kwana 120 alheri ne, lokacin cike takardu. A Kankiya ko Kusada kuwa tarko ne. Zangon karatu ɗaya bai kai kwana 120 ba. Wato za a haɗa ɗaki, a gwada, a yi bikin buɗewa, a biya ɗan kwangila, a gama zango guda lafiya, sannan abin ya tsaya a tsakiyar na biyu. Gaskiya ne sabar tana nuna gargaɗi tana ƙirga kwanakin da suka rage, amma da Turanci, a ɗan lungun allo, ga mai kula. Mai ɗakin da shugaban makaranta ba sa ganinsa. Kayan da ke aiki sumul ranar saye alhali an san ranar tsayawarsa, ai ya kamata a rubuta wannan rana ɓaro-ɓaro a gaban mai biya.

Ta biyu, farashi. A kasuwar 'yan kasuwa RDS CAL ɗaya ya haura dala 100. Allo 20 ke nan sun haura dala 2,000. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023, dala a hukumance tana wajen naira 460. A farkon 2024 ta wuce 1,500. A wannan lissafi kuɗin ya haura naira miliyan uku, don izini kawai, ba a sayi ko waya ɗaya ba. Akwai rangwame mai yawa ga makarantu, amma ta hannun dillalai masu rajista ake samunsa da takardun shaida. Mai ɗakin koyarwa a bakin titin Katsina zuwa Kano ba lallai ya cika sharaɗin ba, kuma da wuya wani ya gaya masa akwai shi.

Ta uku ta fi ci mini rai. Microsoft ta taɓa yin abin da ya dace da mu: Windows MultiPoint Server, wanda ya fito a 2010 don azuzuwa, kwamfuta ɗaya ɗalibai da yawa, malami na ganin allon kowa. Shi ma da lasisinsa, amma an gina shi da aji a zuciya. An mayar da shi sashe a cikin Windows Server 2016, daga nan aka daina ci gaba da shi. Yau akwai nau'in Windows 10 da 11 da ke ɗaukar mutane da yawa lokaci guda, amma an ɗaure shi da Azure, wato hayar kwamfuta ta intanet. Ka gaya mini, wa zai dogara da wannan a inda netwok ke zuwa yana tafiya, kuma data kuɗi ce?

Kar ka ce na ɗora wa kamfani komai. Mai kaya yana da ikon sa wa kayansa kuɗi, kuma gurabu biyu na masu kula sun isa a yawancin wurare. Ayyuka da yawa ma ba sa buƙatar shiga allon sabar, ana yin su da PowerShell ko Windows Admin Center. Babban laifin a gida yake: ɗan kwangilar da ya san da kwana 120 ya yi shiru don farashinsa ya fi na kowa sauƙi, da mai sa hannu da ya duba akwatuna ya ƙirga allo bai nemi takardar lasisi ba. Araha ba ta ado.

Abin da aka saba yi idan ƙofa ta rufe shi ne a kira wani yaro ya goge ma'aunin kwanakin, ko a sa wa Windows ta gida wani faci don ta ɗauki mutane da yawa. Duk biyun saɓa yarjejeniya ne. Bayan haka, facin kan lalace idan Windows ta sabunta kanta, sai a kashe sabuntawar gaba ɗaya. Ka tuna a watan Mayun 2019 aka bayyana ɓarakar BlueKeep a wannan ƙofa ta shiga ta nesa, har Microsoft ta fitar da gyara ga Windows XP da ta daɗe da yin watsi da ita. Idan sabar asibiti ce mai bayanan marasa lafiya, ko ta makaranta mai sakamakon ɗalibai, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

To me za ka yi idan kai ne mai saye? Kafin ka biya, ka sa a rubuta maka a takardar farashi RDS CAL nawa ne a ciki, na kan mutum ko na kan na'ura, kuma na wace shekara. Ka ce a buɗe maka Remote Desktop Licensing Manager ka ga adadin da idonka. Ka riƙe wani kaso na kuɗin har a wuce kwana 120.

Sannan ka tambayi kanka ko dole sai Windows. Idan buƙatar ita ce yara su koyi buga rubutu, su saba da linzami, su yi gwajin jarrabawa, Linux da xrdp ko LTSP na ɗaukar mutane da yawa ba tare da lasisin kai ɗaya ba. Ba kyauta ba ce gaba ɗaya: sai an sami wanda ya iya, kuma LibreOffice ba Word ba ce sak, alhali masu ɗaukar aiki Word da Excel suke tambaya. Amma kuɗin da za a tura waje don izini, in aka kashe rabinsa wajen horar da matashi ɗaya a Kankiya ya riƙe ɗakin, ilimin ya zauna a gari.

Ɗan'uwan nawa dai ya raba ɗakinsa biyu: 'yan kwamfutoci kaɗan masu Windows ta halal don Word da Excel, sauran allunan a kan Linux. Sati biyu ya yi a rufe kafin nan, kuma wasu ɗaliban ba su dawo ba.