Abin da Fim ɗin Hotel Mumbai Ya Manta

'Yan uwana mata, duk wadda ta kalli Hotel Mumbai na 2018 ta san an yi fim. Labarin harin da 'yan bindiga suka kai otal ɗin Taj ne a Indiya, cikin Nuwamban 2008. Mu da muka san ƙarar bindiga a Damari, ba sai an fassara mana tsoron da ke fuskokin nan ba.

Amma fa ina da ƙorafi. An cika mana ido da jini da wuta, an manta da Karambir Kang, manajan otal ɗin. Matarsa da 'ya'yansa maza biyu sun rasu a hawa na shida, shi kuwa bai bar aikin fitar da baƙi ba. Haba jama'a! Wane marubuci ne zai tsinci wannan labari ya yar?

Anupam Kher ya yi ƙoƙari a matsayin babban kuku, Hemant Oberoi, ban raina masa ba. Sai dai Ratan Tata, uban kamfanin, wanda ya bi iyalan mamata yana ta'aziyya, bai kuma tsayar da albashin kowa ba da otal ke rufe, ko ƙeyarsa ba a nuna mana ba.