Maki 28 ga kowane ofis: inda tsarin Jafan ya yi daidai da inda ya kauce

A shekarar 2005, watanni kaɗan bayan yarjejeniyar Kiyoto ta fara aiki, ma'aikatar muhalli ta Jafan ta fito da shirin da ta kira Cool Biz. Ministar a lokacin ita ce Yuriko Koike, wadda daga baya ta zama gwamnar Tokiyo. Saƙon gajere ne: a lokacin bazara a bar ofisoshi a maki 28 na ma'aunin Salshiyos, ma'aikata kuma su ajiye kwat da laktaye a gida. Ofisoshin gwamnati suka fara, kamfanoni suka bi. Bayan haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima a 2011, da wuta ta yi ƙaranci, aka ƙara tsananta abin.

Ina ganin rabin shirin ya yi kyau ƙwarai, wato rabin tufafi. Ɗaya rabin, na lamba guda ga dubban gine-gine, shi ne nake da ja a kansa.

Mu fara da yadda jiki ke jin zafi. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Ole Fanger, ya wallafa aikinsa a 1970, kuma har gobe a kansa ƙa'idojin duniya na sanyaya ofis suka dogara. Ya nuna abubuwa shida ne ke haɗuwa kafin mutum ya ce ɗaki ya yi masa daɗi: zafin iska, zafin da bango da taga ke fesowa, laimar da ke cikin iska, gudun iskar, kaurin tufafi, da yawan aikin da jiki ke yi. Lambar da ke jikin rimot ɗin esi guda ɗaya ce kacal cikin shidan. Kuma a lissafin Fanger, ko an daidaita komai yadda ya fi kyau, kashi 5 cikin ɗari na mutanen ɗakin za su yi ƙorafi. Da Cool Biz ya ce a tuɓe kwat, ya taɓa ɗaya daga cikin shidan kai tsaye, kyauta, ba tare da an sayi ko ƙusa ba. Wannan kam sai a yaba.

To daga ina 28 ta fito? Dokar tsaftar gine-gine ta Jafan ta daɗe da sa 28 a matsayin iyakar sama ta zafin ɗaki. Wato ita ce katangar da ba a son a tsallake, sai aka ɗauko katangar aka mai da ita wurin zama. A 2017 wani mataimakin minista da ya taɓa aiki a ma'aikatar muhallin ya faɗa a wurin taro cewa ba wani binciken kimiyya ne ya haifi lambar ba, maganar da ta tayar da ƙura a jaridun ƙasar. Ma'aikatar ta yi ta bayani cewa 28 zafin ɗaki ake nufi, ba lambar da za a danna a na'ura ba.

Wannan bambancin ba ƙarami ba ne, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan tsaya. Na'ura tana auna zafi ne a inda ma'auninta yake, galibi can sama kusa da silin ko a bakin da take zuƙar iska. Mai zama kusa da tagar gilashi da ke kallon yamma, ƙarfe uku na rana, yana shan zafin gilashin a fatarsa ko da iskar ɗakin na 28. Wanda ke hawa na ƙarshe ƙarƙashin rufi daban, wanda ke hawa na biyu a inuwar wani gini daban. Lamba ɗaya a rimot, yanayi goma a jiki.

Sai batun laima. Esi ayyuka biyu yake yi: yana sanyaya iska, yana kuma tatse ruwan da ke cikinta, shi ne ruwan nan da kuke gani yana ɗiga ta tiyo a bayan gini. Tatsar ruwan tana faruwa ne kawai sa'ad da kwamfiresa ke aiki. Idan aka ɗaga lamba zuwa 28, musamman a na'urar da ta fi ƙarfin ɗakin, kwamfiresa zai tashi na ɗan lokaci ya mutu, zafi ya sauka amma laima na nan. Bazarar Tokiyo kuwa mai laima ce sosai. Gumi ba ya bushewa, mutum na zaune yana danƙo, ma'auni kuma na rantsuwa cewa komai lafiya.

A 2019 hukumar birnin Himeji ta gwada sauke ofishinta zuwa 25 na wasu makonni. Kuɗin wuta ya ɗan ƙaru, aikin bayan lokacin tashi kuma ya ragu da kusan kashi 14 idan aka kwatanta da shekarar da ta gabata. Masu adawa da 28 suna son wannan labari, amma ni ba zan jingina da shi sosai ba. Gini ɗaya ne, bazara ɗaya, kuma shekarar da aka kwatanta da ita ta zo da ambaliya a yammacin Jafan wadda ta sa ma'aikatan hukumomi aikin dare. Alama ce, ba hujja ba.

Sifaniya ta bi sahu a Agustan 2022, lokacin tsadar gas, da dokar da ta hana sauke esi ƙasa da 27 a shaguna da ofisoshi da tashoshi. Tun daga farko sai da aka ware asibitoci, makarantu, ɗakunan girki da shagunan gyaran gashi. Jerin waɗanda aka ware ɗin shi kansa ya nuna gine-ginen ba iri ɗaya ba ne. Indiya ta fi wayo a ganina: daga Janairun 2020 sabon esi yana fitowa daga masana'anta a kan 24, amma mai shi na iya canzawa.

Kada a ce ina ƙin daidaita tsari. Kamfanin da ke da gine-gine talatin yana da dalili mai ƙarfi na sayen na'urori iri ɗaya: kayan gyara ɗaya a sito, gas iri ɗaya, makaniki ya koyi na'ura ɗaya ya san ta ciki da waje. Akwai ma yaren da na'urorin gini ke magana da juna da shi, BACnet, wanda ƙungiyar injiniyoyin sanyaya ta Amurka, ASHRAE, ta fitar a 1995, don na'urar wannan kamfani ta fahimci ta wancan. Irin wannan daidaito yana rage kuɗi ba tare da ya matsa wa kowa ba. Haka jadawalin wanke matata, da yadda ake aunawa da adana bayanai.

Amma ko a sayen na'ura akwai tarko, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Ƙa'idar ISO 5151 tana gwada ƙarfin esi a ajin T1 da zafin waje na maki 35, a ajin T3 kuma da 46. Banki ko kamfanin waya da ya zauna a Legas ya rubuta takardar saye guda ga duk rassansa, to reshen Sakkwato ko Maiduguri zai karɓi na'urar da ba a auna ƙarfinta da zafin Afrilunsu ba, inda ake wuce 40. Ƙarfinta zai ragu daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Reshen Legas kuma damuwarsa laima ce, abin da Sakkwato ba ta san shi ba a watan Maris. Ga ƙurar hunturu da ke toshe matata, wadda jadawalin gyaran da aka tsara don bakin teku bai san da zamanta ba.

Da ni za a tambaya, abin da za a rubuta wa rassan shi ne sakamakon da ake so a inda mutane ke zama: zafi tsakanin kaza da kaza, laima kada ta wuce kashi 60 cikin ɗari, a auna a tsayin tebur ba a silin ba. Sannan a bar injiniyan kowane gini ya nemi hanyar kaiwa can. A wani wurin amsar ita ce labule ko rumfa a tagar yamma. A wani wurin fanka ce, domin iska mai ɗan gudu tana sa ɗaki ya ji kamar ya sauka da maki biyu zuwa uku, da wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ta esi ba. Da fanka a sama da riga marar nauyi, 28 ɗin Koike tana zaunuwa a ofisoshi da yawa, amma a hawa na ƙarshe mai bangon gilashi sai an sauke ta.