Masu Farautar Kalmomin GRE

Mai neman digiri na biyu ko na uku a jami'o'in Amurka da dama sai ya bi ta GRE, jarrabawar da hukumar ETS ta garin Princeton ke shiryawa. Makin sashen harshe daga 130 yake farawa ya tsaya a 170, kuma a nan ne za ka ga injiniyan da ya cinye lissafi yana sharce gumi.

Kafin 2011 hadda kan fitar da mutum, don a lokacin akan kawo kalma tsurarta a ce a nemo kishiyarta. A shekarar aka soke wannan salo. Yanzu jimla ake ba ka mai gurbi ɗaya zuwa uku ka cike, ko a jera kalmomi shida a ce ka zaɓi biyu da za su ba jimlar ma'ana guda. Wanda ya haddace ƙamus bai san inda kalma ke zama ba, sai ya yi turus.

Abin da ke burge ni da gwanayen wannan fage shi ne ba sa gaggawar duba zaɓin da aka jera. Jimlar suke fara karantawa, su gano inda ta juya da "amma" ko "duk da haka", su raya a zuci irin kalmar da gurbin ke nema, ta yabo ce ko ta suka, sannan su duba.

Kalmomin kuma dangi-dangi suke tara su. Turanci ya kwashi kaya da yawa daga Latin da Girkanci, ga na Faransanci da suka kwararo bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066. Wanda ya san saiwar loqu tana nufin magana, ya kama loquacious da eloquent da circumlocution a tarko ɗaya. Ɗalibin da ya yi sarfu a zaure, ya ga yadda kitabu da katibu da maktaba suka fito daga tushe guda, ba baƙo ba ne a nan. Sai dai saiwa takan yaudari mai zumuɗi: enervate kamar ƙara kuzari take nufi, alhali raunanawa ce. Gwani kan tabbatar a ƙamus, ya kuma nemi kalmar cikin rubutu na gaske, kamar mujallar The Economist.

Saura mantuwa. Tun 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya yakan zube da sauri a kwanakin farko. A 1972 Sebastian Leitner ya fito da tsarin katuna cikin akwatuna: katin da ka ci ya matsa gaba, ka jima ba ka gan shi ba, wanda ka faɗi ya koma akwatin farko, gobe ku sake haɗuwa. Manhajar Anki irin wannan aiki take yi a waya, ita ke ƙayyade ranar da kowace kalma za ta dawo maka.