Da Me Za A Gane Gizo?

Masu zanen barkwanci a littattafan yaranmu kan ɗauko fuskar Bature su kafa mata hula, su ce ga Gizo. Wannan ragon aiki ne. Tun 1928 ake gane Mickey Mouse da kunnuwansa, ko inuwarsa kawai aka hango. Gizo fa? A ba shi leɓen da zai nuna tsamin bakinsa, da satar kallo, da ƙafar da ke shirin arcewa in ya yaudari Ƙoƙi. Dubi zanen Mustapha Bulama a Daily Trust: fuskar ɗan siyasa kan gama bayani kafin a karanta rubutu. Ɗan'uwa, je Tiga ka nazarci tsayuwar masunci, ka leƙa Doguwa ka ga tafiyar manomin masara. In hali bai fito a jiki ba, yaro zai rufe littafin.