Allurar miƙe yatsa: abin da bidiyoyin ba sa faɗa

Wataƙila kun ci karo da irin bidiyon nan a TikTok ko Facebook: yatsa a lanƙwashe, likita ya ɗan tsikari tafin hannu da allura, sai ga yatsa ya miƙe. Aikin gaskiya ne, ba siddabaru ba. Matsalata da bidiyoyin ita ce ba sa faɗin wane ciwo ake yi wa.

Ciwon shi ne na Dupuytren, sunan likitan Faransa da ya yi masa tiyata a 1831. Tantanin da ke ƙarƙashin fatar tafin hannu ne ke kauri ya zama kamar igiya, ya janyo ƙaramin yatsa da na kusa da shi. Da bakin allura ake tsinke igiyar, dabarar da likitocin Faris suka fito da ita wajajen 1970. Amma ba a gama ke nan ba: wani bincike a Holan a 2012 ya nuna bayan shekara 5 ciwon ya dawo wa kusan kashi 85 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allura, na tiyata kuwa kashi 21.

Sannan ciwon ya fi kama dattawan Turawan arewacin Turai. A wajenmu ba kasafai ake ganinsa ba. Yatsan da ya ƙage a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa ya fi yiwuwa tabon ƙuna ne, musamman yaron da ya dafa murhu ko garwashin jin ɗumi da hunturu. Can fata ce ta takure, babu igiyar da za a tsinke. Sai an saki tabon, sau da yawa har da dashen fata. Kuturta ma, in ta taɓa jijiyar gwiwar hannu, yatsun nan biyu take lanƙwasawa. Maganinta kyauta ne, wata 6 zuwa 12, kuma jinkiri ne ke nakasa hannu.

Abin tsoron fa? Mai kemis ko wanzami ya kalli bidiyon ya ce ai shi ma zai iya. Jijiyar ji da ta motsa yatsa suna dab da inda ake tsikarar. In yatsa ya fara ƙagewa, a fara da babban asibitin yanki, su tura Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano.